Yadda Muka Kafa Rumbun Ajiyar Aikinmu a Ɗakin Kwamfuta

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne yadda mutane kaɗan masu aiki ɗaya za su kafa wa kansu wurin ajiya guda a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, inda kowa zai riƙa kai aikinsa yana ɗauko na ɗan'uwansa, ba tare da wani ya shafe na wani ba. Ba a cikin aji na koyi wannan darasi ba. Wahala ce ta koya mini, har na kusa rasa aboki a kansa. Saboda haka da labarin wahalar zan fara.

Abin da ya same mu

A zangon karatu na biyu, mu huɗu daga Ƙungiyar Kwamfuta muka ɗauki alkawarin rubuta wata 'yar manhaja domin laburaren makaranta. Manhaja, ga iyayenmu da ba su saba da kalmar ba, jerin umurni ne da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi, ita kuwa ta bi su yadda aka rubuta, ko daidai ko kuskure. Aikin tamu shi ne ta riƙe lissafin littattafan da aka ara, da ranar da ya kamata a mayar da su, ta kuma fitar da waɗanda suka makara. An ce za mu nuna ta a gaban iyaye ranar ba da kyaututtuka.

Muka raba aiki, kowa ya ɗauki sashensa. Amma hanyar da muke haɗa aikin ita ce filas guda ɗaya, yau tana aljihun wannan, gobe tana akwatin wancan. Kafin wata ya cika, filas ɗin ta cika da fayil masu suna kusan iri ɗaya. Akwai "laburare sabo", akwai "laburare sabon sabo", akwai "na ƙarshe", har da wani mai suna "na ƙarshe wallahi". Ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya.

Wata ranar Asabar na buɗe fayil ɗin, sai na tarar sashen da na yi mako guda ina fama da shi, watau mai ƙirga kwanakin makara, babu shi babu dalilinsa. Wanda ya riƙe filas ɗin kafin ni kuwa babban abokina ne, wanda gadonsa ke kusa da nawa, kuma kwano ɗaya muke jiƙa garin kwaki tun muna aji ɗaya. Ban tsaya bincike ba, na tare shi a gaban mutane na ce da gangan ya yi, don kada sashena ya fi nasa kyau. Ya rantse, ban saurare shi ba. Kwana tara ba mu yi wa juna magana ba, aikin kuma ya tsaya cik.

Da labari ya kai kunnen Malaminmu na kwamfuta, sai ya kira mu duka huɗu, ya tambaye ni ko ina da shaida. Na ce babu. Ya tambayi abokina ko yana da abin da zai wanke kansa da shi. Shi ma ya ce babu. Malam ya ce to, ai laifin ba na mutum ɗaya ba ne, laifin hanyar aikinmu ne, domin duk aikin da ba ya barin sawu, zato ne zai yi masa alƙalanci, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A ranar ya fara koya mana wata manhaja da ake kira Git.

Mene ne Git?

Git manhaja ce mai riƙe tarihin aiki. Duk lokacin da mutum ya gama wani ɗan gyara, sai ya umurce ta ta ajiye hoton yadda aikin yake a wannan lokaci, tare da sunansa, da rana da sa'a, da taƙaitaccen bayanin abin da ya canja. Wannan shi ne muke kira ajiya. Sabuwar ajiya ba ta shafe tsohuwa, ɗorawa take yi a kanta. In yau an ɓata abu, ana iya komawa a ga yadda yake jiya, ko makon jiya.

Kowace ajiya tana da lambarta mai haruffa da alƙaluma guda 40, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinta. Har wa yau kowace ajiya tana ɗauke da lambar wadda ta gabace ta, kamar yadda mutum ke faɗin sunan ubansa, uban kuma ya faɗi na kakan. Don haka in wani ya taɓa tsohuwar ajiya a ɓoye, lambarta za ta canja, salsalar kuma ba za ta ƙara haɗuwa da ta sauran mutane ba.

Wannan dabara ta riƙe tarihin aiki ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1972 aka ƙirƙiro wata mai suna SCCS a ɗakin bincike na Bell a Amurka. Bayanta aka yi RCS a 1982, sa'an nan CVS, sa'an nan Subversion a shekarar 2000. Ita kuwa Git, wani mutumin ƙasar Finland ne mai suna Linus Torvalds ya rubuta ta a watan Afrilu na 2005. Shi ne wanda ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Mutane masu ɗimbin yawa daga ƙasashe daban-daban suna taya shi aikin Linux, suna amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper wajen haɗa aikinsu. Da aka janye musu izinin amfani da ita kyauta, sai ya zauna ya rubuta tasa. A watan Yuli na wannan shekara ya miƙa kula da ita ga Junio Hamano. Git kyauta ce, kowa na iya ɗauka.

Babban abin da ya bambanta Git da CVS da Subversion shi ne, a wurin waɗannan biyun cikakken tarihi yana kan kwamfuta guda ce kawai, amma a wurin Git kowane ma'aikaci yana da dukan tarihin a tasa kwamfutar. Ku riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta.

Me ya sa ake bukatar uwar garke?

Ko da yake kowa yana da tarihinsa, tilas a sami mahaɗa guda inda za a riƙa kaiwa da ɗaukowa. Kwamfutar da ke wannan hidima ita ake kira uwar garke, jakar da tarihin ke ciki kuwa muka sa mata suna rumbu. Akwai kamfanonin da ke ba da irin wannan wuri a intanet. Wanda ya fi shahara shi ne GitHub, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Amma zuwa can sai da intanet, mu kuwa ba kullum muke samunta ba. Abin farin ciki shi ne Git ba ta bukatar intanet. Muddin kwamfutocin ɗaki ɗaya suna haɗe da juna ta waya ko ta iska, magana ta ƙare.

Matakan kafawa

Mataki na farko shi ne samun kwamfutar da za ta zama uwar garke. Mu wata tsohuwa muka jawo daga kusurwa, wadda kowa ya raina saboda nauyin jikinta. Ashe da tsohuwar zuma ake magani, domin wannan aiki ba ya son ƙarfi, ajiya kawai yake so. Muka kakkaɓe ƙura, Malam ya sa mata Linux irin wanda ake kira Ubuntu. Sa'an nan ya haɗa ta da intanet ta wayarsa sau ɗaya tak, muka rubuta wannan umurni:

sudo apt install git openssh-server

Wannan ya sauko da abu biyu. Na farko Git kanta. Na biyu SSH, watau hanyar da kwamfuta biyu ke magana a asirce, ko da wani ya saurara a tsakani ba zai gane ba. Wani ɗan ƙasar Finland ne kuma, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro ta a 1995.

Mataki na biyu shi ne a ba uwar garke adireshi tsayayye. Kowace kwamfuta da ke haɗe da wasu tana da lambar da ake samunta da ita, amma sau da yawa lambar takan canja in an kashe an kunna. Gidan da ke ƙaura kullum kuwa ba ya samun wasiƙa. Muka tsayar da tamu a kan 192.168.1.10, muka rubuta a takarda muka manna a jikinta. Lambobin da suka fara da 192.168 na cikin gida ne, ba a zuwa gare su kai tsaye daga waje.

Mataki na uku shi ne a buɗe asusu guda a kan uwar garke, wanda ba na kowa ba ne, na rumbu ne kaɗai. An saba sa masa suna git:

sudo adduser git

Kalmar sirrin wannan asusu tana wurin Malam shi kaɗai.

Mataki na huɗu shi ne gina rumbun. Aka shiga da sunan sabon asusun aka rubuta:

git init --bare laburare.git

Ma'anar wannan ita ce a gina rumbu tsura, wanda babu fayil ɗin da za a buɗe a gyara a cikinsa, sai tarihi kawai. Kowa ya san ba a dafa tuwo a cikin rumbu. Ɗebowa ake yi a kai madafa. Haka nan ba a aiki a kan uwar garke, kowa a kwamfutarsa yake yi.

Mataki na biyar shi ne makullai, kuma a nan ya kamata a natsu. Kowane ɗan makarantar kwana ya san kwaɗo da ɗan makulli. Kwaɗo yana rataye a jikin akwati kowa na ganinsa, ɗan makulli kuwa yana wuyan mai shi. To, kowannenmu ya shiga nasa asusun a kwamfutar da yake aiki ya rubuta:

ssh-keygen -t ed25519

Sai fayil biyu suka fito. Wanda sunansa ya ƙare da .pub shi ne kwaɗo, ana iya ba kowa. Ɗayan shi ne ɗan makulli, ba a ba aboki, ba a sa shi a filas. Da yake kwamfutocin ɗakinmu na kowa da kowa ne, Malam ya tilasta mana mu sa wa ɗan makullin kalmar sirri. Daga nan kowa ya aika kwaɗonsa zuwa uwar garke da wannan umurni, Malam na tsaye yana buga kalmar sirrin asusun:

ssh-copy-id git@192.168.1.10

Kwaɗunan duka suna taruwa a fayil guda mai suna authorized_keys, kowanne a layinsa. Amfanin wannan tsari shi ne, ranar da wani ya bar ƙungiya, layinsa kawai za a goge, sauran ba ruwansu.

Mataki na shida shi ne rufe ƙofofin da ba a bukata. A cikin rumbun muka rubuta:

git config receive.denyNonFastForwards true

Wannan yana hana kowa tura aikin da zai ture ajiyar da ta riga ta shiga, ko da ya yi niyyar tilastawa. Daga ƙarshe Malam ya mayar da asusun git ya zama ba ya karɓar kowane umurni sai na kaiwa da ɗaukowa, ta hanyar wani abu da ke zuwa tare da Git mai suna git-shell. Wannan shi ake bari ƙarshe, domin bayansa sabon kwaɗo sai dai mai kula da uwar garke ya sa da hannunsa.

Yadda ake aikin yau da kullum

Sau ɗaya kawai mutum zai kwafo rumbun zuwa kwamfutarsa:

git clone git@192.168.1.10:laburare.git

Zai kuma gaya wa Git sunansa, don ta riƙa rubutawa a kan ajiyarsa. Bayan wannan, umurni huɗu ne abincin kullum. Da zuwa, kafin ka taɓa komai, ka rubuta git pull, ka ɗauko abin da 'yan'uwa suka kai. In ka yi gyara, git add zai ware fayil ɗin da kake so a ajiye, git commit kuma ya yi ajiyar tare da bayaninka. Kafin ka tashi, ka rubuta git push, aikinka ya tafi rumbu.

Yanzu sai mu duba abin da ya haɗa ni da abokina, mu ga yadda zai kasance a wannan tsari. A ce ni da shi mun ɗauko aiki da safe, na riga shi turawa. In ya zo tura nasa, uwar garke za ta ƙi karɓa, ta ce akwai abin da ya shiga wanda ba ya wurinsa, sai ya fara ɗaukowa. In wuraren da muka taɓa daban ne, Git za ta iya haɗa su da kanta. In kuwa layi ɗaya muka gyara, ba za ta zaɓi na kowa ba. Za ta jera nawa da nasa a cikin fayil ɗin, ta raba su da alamu, ta tsaya har sai mutum ya duba ya yanke. A nan dole ka tashi ka je wurin ɗan'uwanka ku yi magana. Filas ba ta taɓa tilasta mana yin haka ba, shiru take yi ta shafe.

Abu biyu da suka faru daga baya

Muka koma aiki, na sāke rubuta sashena, amma tsakanina da abokina gaisuwa ce kawai. Bayan mako biyu aka lura manhajar tana cewa wanda ya mayar da littafi a ranar da aka sa masa ya makara. Zuciyata ta fara raya mini irin na da. Abokina ya zauna ya rubuta git blame, umurnin da ke nuna ajiyar da ta taɓa kowane layi daga ƙarshe da sunan mai ita. Sai ga sunana a gaban layin da ya ɓaci. Ni ne na gyara shi wata ranar Laraba ina gaggawar tafiya cin abinci. Bai ɗaga murya ba. Ya yafuto ni, ya nuna mini a hankali, muka gyara tare, sauran ba su ma sani ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna yadda na tozarta shi a gaban mutane ba tare da shaida ba, ga shi yana da shaida a hannu ya rufa mini asiri. Na kuma gane mai yiwuwa ne ni da kaina na ɗora tsohon fayil a kan sabo a wancan karo. Da asuba bayan salla na same shi na ce, "Ɗan'uwa, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya ce, "Haba, ai ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na roƙe shi gafara kuma a gaban waɗanda na zarge shi a gabansu, domin inda aka zubar da mutunci can ya kamata a kwashe shi.

Abu na biyu ya faru saura kwana huɗu ranar ba da kyaututtuka. Aka ɗauke wuta, aka kawo, tsohuwar uwar garkenmu ta ƙi tashi, ma'ajiyarta ta mutu. Ƙaramin cikinmu har ya fara hawaye. Malam ya yi murmushi ya ce mu duba kwamfutocinmu. Kun tuna maganar da na ce ku riƙe? Kowannenmu yana da dukan tarihin tun daga ajiya ta farko. Muka ɗauki wata kwamfuta, muka bi matakan nan shida, muka tura daga wurin wanda ya ɗauko na ƙarshe, sauran suka bi baya. Ko layi ɗaya bai ɓata ba. Ranar taro manhajar ta yi aiki a gaban iyaye, mai kula da laburare kuma ya karɓe ta.

Abin da na'ura ba za ta yi maka ba

Kada wani ya ɗauka Git ta ɗauke wa mutane nauyin amana. Sunan da ke kan ajiya mutum ne ke gaya mata, tana kuma karɓa yadda aka faɗa. Wanda ba ya tsoron Allah yana iya rubuta sunan wani. Haka kuma ba ta mantuwa, saboda haka in ka ajiye kalmar sirri a ciki, ko ka goge ta gobe tana nan cikin tarihi a kwamfutar kowa. Don haka muka rubuta wa kanmu dokoki biyar muka manna a bango:

Na ɗaya, ka ɗauko kafin ka fara, ka tura kafin ka tashi.

Na biyu, ajiya ta zama ƙarama, bayaninta kuma ya faɗi gaskiyar abin da aka yi. "Na gyara lissafin ranar mayarwa" bayani ne, "gyara" kawai ba bayani ba ne.

Na uku, kada ka tura abin da ba ka gwada ba.

Na huɗu, kalmar sirri da sunayen ɗaliban da suka ari littafi ba sa shiga rumbu. Umurnin manhaja kaɗai ke shiga.

Na biyar, in tarihi ya nuna kuskuren wani, ka same shi shi kaɗai. An yi tarihin don gyara ne, ba don tonon silili ba.

Kammalawa

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannenmu da za su gaji ƙungiyar nan, da kada su jira sai sun yi asara irin tamu, domin rigakafi ya fi magani. Kafa uwar garke aikin yamma ɗaya ne, bin dokokinta shi ne aikin kullum. Rumbun yana nan a ɗakin kwamfuta, duk mai so ya zo ranar taron ƙungiya ya kawo kwaɗonsa. Ina kuma roƙon iyayenmu, in akwai tsohuwar kwamfuta a gida ko a ofis da aka jingine, a taimaka wa makaranta da ita, domin kun ji irin aikin da tsohuwa ta yi mana kafin ta kwanta. Muna godiya ga Malaminmu da ya sulhunta mu ya kuma koya mana. Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu ilmi mai amfani da riƙon amana, amin.